Yadda ake shirya wa ɗalibi ɗan Japan littafin koyon hira da Turanci

Idan ƙarfe takwas na dare ya yi a Tokiyo, a Kano rana ce tsaka, sha biyu daidai, domin awa takwas ce tsakaninmu da su. A daidai wannan lokacin ma'aikatan Japan da suka dawo gida suke buɗe kwamfuta don darasin hira da Turanci, abin da suke kira eikaiwa, wanda a intanet yawanci minti 25 ne. Duk malamin da ya taɓa zama da irin waɗannan ɗalibai ya san abin da zan faɗa. Mutum zai karanta maka rubutu mai wuya ba gargada, ya gaya maka sunan kowace ƙa'idar nahawu da ke ciki, amma da ka tambaye shi yadda ya yi hutun ƙarshen mako sai ya yi tsit, idonsa a sama, yana harhaɗa jimla kamar mai lissafin bashi.

Ba ƙarancin karatu ya jawo haka ba. Yawancin manya a Japan sun yi shekara shida suna Turanci a ƙaramar sakandare da babba, kuma tun daga 2020 Turanci ya zama cikakken darasi daga aji biyar na firamare. Sai dai akasarin wannan karatu an ɗora shi ne a kan jarrabawa: ta shiga jami'a, da Eiken wadda aka fara a 1963, da TOEIC wadda a Japan aka fara zana ta a 1979, kuma nau'inta da kamfanoni suka fi nema na sauraro ne da karatu, babu buɗe baki. Hatsi dai yana nan cike da rumbu, ƙofar ce a liƙe. Saboda haka littafin da za ka shirya wa ɗalibinka, aikinsa shi ne ya fito da abin da ke kansa zuwa bakinsa. Ga yadda nake yi.

Mataki na farko: tsara shafi

Ka sa shi ya sayi littafin rubutu na takarda ya riƙa rubutawa da hannunsa. A can littafin Campus na kamfanin Kokuyo yana ko'ina, har a shagunan kan kwana da ba sa rufewa. Ya buɗe shafi biyu masu fuskantar juna. A na hagu ya rubuta wurin da maganar ke faruwa da abin da zai ce da Japananci, a na dama kuma Turancinsa. Kowane buɗi wuri ɗaya: gidan abinci, tashar jirgin ƙasa, ɗaga waya a ofis. Kada jimlolin darasi guda su wuce biyar. Ɗalibai 'yan Japan akwai ƙwazo, in ka bar su za su cika shafi da jimla talatin masu kyau, alƙalami kala uku, amma ko ɗaya ba za ta fito a baki ba.

Mataki na biyu: hana rubuta lafazi da katakana

Nan ne zan daɗe, domin nan ne matsalar ta fi kafa saiwa. Katakana ɗaya ne daga cikin tsarin rubutun Japan, kuma da shi ake rubuta kalmomin aro. Kusan kowace gaɓa a Japananci da wasali take ƙarewa, in ka ɗebe sautin "n" da baƙin da ake ninkawa. Don haka duk kalmar Turancin da ta shiga katakana sai an cusa mata wasula. "Strike" gaɓa ɗaya ce, amma ta zama su-to-ra-i-ku. "McDonald's" ta zama ma-ku-do-na-ru-do. Ɗalibi yakan rubuta wannan a saman kalmar don ya tuna, daga nan kuma kunnensa da bakinsa sun ɗauki abin da ba shi ne ba.

Bahaushe ya fi kowa gane wannan, don mu ma haka harshenmu yake yi. Daga "bread" muka samo burodi, daga "screwdriver" muka samo sukurudireba. Wasulanmu biyar ne, masu tsawo da gajeru, na Japananci ma biyar ne masu tsawo da gajeru. Ranar da na gaya wa wata ɗaliba, ma'aikaciyar banki, cewa mu muna cewa tebur su kuma suna cewa teeburu, sai ta saki jiki, ta daina jin kunyar kuskurenta. Ka yi amfani da wannan dama.

Maimakon katakana, ya ɗiga babban ɗigo a kan gaɓar da ake dannawa, ya kuma rubuta adadin gaɓoɓi a gefe. Sai ku yi tafi tare: tafi ɗaya ga "strike", uku ga "McDonald's" da nauyi a kan ta tsakiya. Idan kalma ta ƙare da baƙi, kamar "good" ko "hot", ya ja ɗan layi a tsaye bayanta, alamar a rufe baki nan, kada "o" ta biyo baya.

A ƙasan shafin ya riƙa tara kalmomi biyu-biyu masu rikita shi: "right" da "light", "berry" da "very", "sea" da "she", "think" da "sink". Kai ma malam ka binciki bakinka kafin darasi. Mun sha gaban su a "r" da "l", amma "th" tana zame mana "s" ko "z" kamar yadda take zame musu, ga kuma "p" da "f" da ke haɗe mana. Ka ɗauki muryarka a waya ka saurara, don ɗalibi abin da ya ji daga gare ka shi zai kwafa.

Mataki na uku: gaisuwar da ba ta da takwara

Akwai maganganun da ɗan Japan yake furtawa sau da yawa a wuni, kuma zai nace sai ka ba shi Turancinsu. Babbar cikinsu ita ce otsukaresama, wadda ake ce wa abokin aiki don yaba wahalarsa. Ita ce "sannu da aiki" ɗinmu sak, kuma kamar yadda Turancin Ingila ba shi da "sannu da aiki", haka ba shi da wannan. Ka bayyana masa cewa abin da za a nema shi ne me Bature yake cewa a wannan wurin. In za a tashi daga ofis, "See you tomorrow" ko "Have a good evening". In an gama wani aiki mai wuya, "Great job today".

Haka yoroshiku onegaishimasu, wadda ke ɗauke da ma'anar na ba ka amanar kaina ko ta aikina. A haɗuwar farko "Nice to meet you" ce. In za a fara aiki tare, "I look forward to working with you". In roƙon alfarma aka yi, "Thanks for your help" ta wadatar.

Sumimasen kuwa sai an ba ta buɗi guda ita kaɗai. Kalma ce ɗaya mai aiki uku: ban haƙuri, neman hankalin mutum, da godiya. Shi ya sa za ka ji ɗalibi yana cewa "sorry" bayan an riƙe masa ƙofa. Ya raba shafin gida uku: na taka ƙafar wani, "I'm sorry", ina son kiran mai kawo abinci, "Excuse me", an yi mini alheri, "Thank you".

Mataki na huɗu: shafin ramukan nahawu

Kada ka sake koya masa nahawu daga tushe. Ka ware shafuka a ƙarshen littafin don wuraren da Japananci ke jan ƙafarsa kawai, kowanne da misali daga bakinsa.

Ramin da ya fi zurfi shi ne amsar tambayar korewa. In aka ce "Don't you like fish?", ɗan Japan da ba ya son kifi zai ce "yes", don a harshensa hai tana nufin maganarka gaskiya ce. Mu ma haka muke yi: "Ba ka son kifi?" "E, ba na so." Turanci kuwa ba ruwansa da yadda aka yi tambayar, abin da ke zahiri yake bi. Maganin da na ga yana ci shi ne a hana shi amsa da kalma ɗaya har na wata guda. Ko dai "No, I don't" ko "Yes, I do", cikakkiya, har bakin ya saba.

Sai batun "come" da "go". In an kira ɗan Japan cin abinci, abin da yake cewa a harshensa shi ne yanzu zan tafi, don haka sai ya ce "I'm going", mai kiran kuma ya ɗauka fita zai yi. Daidai ita ce "I'm coming". A nan ka kiyaye da namu "ina zuwa", wanda a Turancin Nijeriya muke mayarwa "I'm coming" alhali fita za mu yi mu dawo. Abin da za ka koya masa a wannan wurin shi ne "I'll be right back".

Japananci yakan yar da mai aikatawa in an san shi, kuma yana fara jimla da abin da ake magana a kai. A gidan shayi mutum zai ce watashi wa koohii, wato ni dai kofi, sai ta fito masa da Turanci "I am coffee". Ya rubuta "I'll have a coffee" ya haddace ta dunƙule. Haka "I'm boring" a maimakon "I'm bored", inda mutum ke son cewa ya gundura sai ya ce shi ne mai gundurar da mutane.

Su "a" da "the" da "s" ta jam'i, waɗanda babu su a Japananci, kada ka ɓata darasi kana dogon bayani a kansu. Doka ɗaya ta isa: kada ya rubuta suna shi kaɗai a littafin. "An umbrella", "some water", "the station", kullum da abokin tafiyarsa.

Mataki na biyar: kalmomin da suka yi kama da Turanci

Japan ta ƙera kalmomi da yawa daga Turanci, suna kiransu wasei-eigo, kuma ɗalibi yakan ɗauka duk duniya ta san su. Manshon a can gidan bene ne mai ɗakunan haya ko na saye, alhali "mansion" katafaren gidan attajiri ne. Konsento soket ne na bango. Hochikisu abin maƙala takardu ne. Kureemu ƙorafin mai saye ne. Baikingu cin abinci ne na ɗebi-da-kanka, sunan da ya samo asali daga wani gidan abinci da otal ɗin Imperial na Tokiyo ya buɗe a 1958. Arubaito, aikin wucin gadi, daga Jamusanci ma take. Duk wadda ta kuɓuce masa a hira, ya sa ta a hagu, Turancinta na ainihi a dama.

Mataki na shida: abin cike shiru

'Yan Japan suna da aizuchi, ƙananan amsoshin da mai sauraro ke jefawa, kamar yadda muke cewa "to", "haka ne", "ƙwarai". In suka mayar da su Turanci sai su yi ta "yes, yes, yes", wanda ake iya ɗauka sun amince da abin da ba su amince da shi ba. Ya rubuta "I see", "Right", "Really?" a cikin bangon littafin. Kusa da su ya sa jimlolin neman lokaci da neman taimako: "Let me think", "Could you say that again?", "How do you say this in English?" A ganina waɗannan sun fi duk abin da ke littafin amfani a watan farko, don su ne ke hana shirun da ke sa ɗalibi ya karaya. Sannan ka raba shi da "I'm fine, thank you, and you?" ta littafin makaranta, ka ba shi "Pretty good" da "Not bad, just a bit tired".

Mataki na bakwai: bita da gyara

Ya rufe shafin dama da tafin hannu, ya dubi na hagu, ya faɗi Turancin da ƙarfi cikin daƙiƙa uku. Wadda ta fito ya yi mata alamar da'ira, wadda a Japan ita ce alamar an ci daidai. Wadda ta maƙale ya bar ta fili. Ya yi haka washegari, da bayan kwana uku, da bayan mako, sannan bayan wata. Da yake jiragen Tokiyo ba wurin ɗaga murya ba ne, ka ɗaukar masa jimlolin biyar da muryarka ya saurara a hanya, ya maimaita su a bayyane in ya isa gida.

A lokacin darasi kada ka katse shi yana tsakiyar magana. Mutanen nan suna jin nauyin kuskure a gaban wani, in ka tare shi sau biyu zai koma amsa da kalma ɗaya. Ka bar shi ya kai aya, kai kuma kana rubuta kurakuransa a gefe. In saura minti biyar a tashi, ka zaɓi uku kawai, waɗanda suke canja ma'ana, ka karanta masa yadda ya faɗe su, ka ba shi dama ya gyara da kansa tukun. Yawanci yana ji zai gano, don ƙa'idar tana kansa tun yana ɗan sakandare. Waɗannan ukun ya shigar da su shafin ramuka, kuma da su za ku buɗe darasi na gaba.