Yadda za ku kai karatun intanet makarantar ƙauyenku ko da babu sabis

Jama'a tun da na faɗi cewa mun haɗa wa yaran garinmu ajin kwamfuta can ta wajen Birniwa mutane ke ta tambayata wai ya aka yi, alhali garin sai ka hau kan tudu ko ka je bakin rijiya sannan waya ke kamawa. To bari in zayyana muku yadda abin yake, amma tun farko ku sani farantin tauraron ɗan adam shi ne abu na ƙarshe da za ku saya, kar ku yi irin gaggawar da muka yi.

Ku fara da wuta. Farantin Starlink, wato mai kamo intanet daga tauraron ɗan adam, wanda ya shigo Najeriya a Janairun 2023, yana shan wuta kamar wat 50 zuwa 100 gwargwadon samfurinsa, ga kwamfuta ga majigi ga wayoyin malamai, don haka sai kun sami mai haɗa sola ya zo ya yi muku lissafin farantan sola nawa, batir nawa, inbata mai ƙarfin nawa. Mu batirin mota muka fara sawa don sauƙi, wata uku ya mutu, kuɗin jama'a suka tafi a banza, kunya ta hana ni zuwa majalisa kusan sati guda. Ku daure ku sayi batirin sola na gaske ko da sai an yi karo-karo sau biyu. Sannan lokacin hunturu ƙura na lulluɓe farantan sola, a sa yaro ɗaya ya riƙa gogewa da tsumma kullum da safe.

Sai mutum. Dole a samu malami ɗaya ɗan gari, wanda ba za a wayi gari ya koma Dutse ko Kano ba, a danƙa masa makulli da lambar sirrin waifai. Ku je wajen dagaci da liman da hedimasta da 'yan kwamitin makaranta tun kafin a sayi ko ƙusa ɗaya, domin in maigari bai sa baki ba wallahi ranar da iyaye suka ji an ce yara na kallon waya a makaranta kun shiga uku.

Yanzu ga asirin da ya fi komai amfani. Ba sai yara sun hau intanet kai tsaye ba. Akwai manhaja mai suna Kolibri, kyauta ce, kana sauke darussa sau ɗaya a kwamfuta guda, sai ka haɗa ta da ƙaramar na'urar waifai, duk wayar da ke cikin ajin ta ga darasin ba tare da data ba. Akwai Kiwix ma da ke ɗauko Wikipedia gaba ɗaya har da ta Hausa. Ga kuma manhajar karatu ta Nigeria Learning Passport da ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, akwai darussa da Hausa a ciki. Kenan in kuɗin farantin Starlink ya gagare ku, mutum ɗaya ya ɗauki kwamfutar ya je Hadejia ranar da ya samu hali, ya sauke abin da zai sauke ya dawo, shikenan an yi wata guda ana karatu.

In kuma Allah Ya hore kun sayi farantin, a kafa shi inda sama take a buɗe, nesa da darbejiya da kuka, manhajarsa ta waya tana nuna maka ko wani abu ya tare. A ɗaure shi tamau saboda iskar farkon damina, kuma in ana ruwa mai ƙarfi sabis ɗin kan ɗauke na ɗan lokaci, kar ku ce ya lalace. Kuɗin wata shi ne ciwon kai, kuma farashin kan canza, ku tambaya kafin ku saya. Mu da yamma bayan an tashi sai a buɗe wajen cajin waya da sayar da waifai ga samari da 'yan kasuwa, abin da aka tara ake biya da shi, ana rubuta komai a littafi ana karantawa gaban kwamiti.

Lambar sirrin nan a riƙa canza ta duk sati, in ba haka ba makarantar za ta koma gidan kallon ƙwallo.

'Yan aji shida na sakandare a ba su fifiko wajen taɓa kwamfuta, tunda jarrabawar JAMB a kwamfuta ake yinta, akwai yaron da ya san amsa amma bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, hannu na rawa lokaci na tafiya. 'Yan mata kuma a ware musu lokacinsu da rana bayan azahar, da malama a wajen, don in kun sa ajin bayan magariba babu uban da zai bar 'yarsa ta fito.