Doguwar kalma a Norwe: ka fara ta daga wutsiya

Ɗan'uwa, wasiƙar farko da za ta zo maka daga UDI, hukumar shige da fice ta Norwe, da wuya ka rasa kalmar oppholdstillatelse a ciki. Haruffa 18 a jere, babu wurin shan iska. Kada ta tsorata ka. Kalmomi biyu ne aka ɗinke: opphold, zama, da tillatelse, izini.

Abin da ya fi taimaka mini shi ne karanta ta daga ƙarshe. Mu muna sa uwar magana a gaba, mu ce izinin zama, gidan marasa lafiya. Su kuwa a wutsiya suke ajiye ta: sykehus, asibiti, asalinta hus ce, gida. Barnehage, makarantar renon yara, hage ce, lambu. Wannan s ta ƙarshen oppholds, da e ta barne, aikinsu ɗaya da n da r namu a "gidan" da "motar": ɗauri ne kawai. Na kan ɗauki fensir in tsaga kalmar a bayan ambulan, opp-holds-til-la-tel-se, in maimaita har harshe ya saba.

Ƙarfin murya yawanci a kashin farko yake, sauran su biyo a hankali. D ɗin opphold ba a furta ta. Kuma ka kiyayi al'adarmu ta cusa wasali tsakanin baƙaƙe, wadda ta ba mu "sukurudireba". In ka ce sikatikot maimakon skattekort, katin haraji, ma'aikacin zai tsaya yana kallon ka. Idan baƙaƙe iri ɗaya uku suka haɗu, ɗaya faɗuwa yake: buss da sjåfør sun zama bussjåfør.

Akwai kuma inda muka fi sauran baƙi sa'a. Harshen nan yana da karin sauti. A Oslo, bønder, manoma, da bønner, wake, hawa da saukar murya ne kaɗai ya raba su, kamar kukan hawaye da kukar miya. Kunnen Bahaushe ya riga ya san wannan, sai dai ka saurara da kyau.

A rubutu kuwa, don Allah kada ka raba abin da suka haɗa. Røykfritt na nufin an hana shan taba a wurin. Ka rubuta røyk fritt, ka ce wa mutane su sha son ransu.