Raɗa wa Littafi Suna, da Abin Yi Idan Alƙalami Ya Cije

Masu turo mini rubutunsu in duba, koke biyu suka fi zuwa da shi. Wani ya ce ya gama labari amma ya rasa sunan da zai sa masa. Wata kuma ta ce ta kai tsakiya kanta ya kulle, ko layi ɗaya ya ƙi fita. A ganina sau da yawa ciwon ɗaya ne: marubucin bai gama sanin labarin wa yake bayarwa ba, da abin da mai labarin ke nema.

Bari mu fara da suna. Kada ka zauna jiran sa kafin ka fara rubutu. Sa masa na wucin gadi a bangon littafin rubutunka ko a wayarka, ko da "labarin matar tela" ne, ka ci gaba da aiki. Ko jariri sai ya kwana bakwai an ga kamanninsa ake raɗa masa suna.

Idan lokacin ya yi, duba yadda magabata suka yi. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai, kuma littattafan da suka fito daga cikinta sun nuna hanyoyin da har yau ake bi. Bello Kagara da Abubakar Tafawa Ɓalewa sunan tauraro suka ɗauka, Ganɗoki da Shaihu Umar. Abubakar Imam ya ɗauki abin da tauraron ya bar gida yana nema, Ruwan Bagaja. John Tafida da East kuwa karin magana suka ɗauko, Jiki Magayi.

Sunan tauraro shi ya fi sauƙi, shi ya sa ya cika zaurukan WhatsApp da Wattpad. Amma ba ya ɗaukar littafi sai in mutumin ne ya ɗauki labarin tun daga farko har ƙarshe. Gwada ka cire sunan tauraron ka sa wani. In ba abin da ya canza, sunan bai faɗa wa kowa komai ba.

Ni hanyar Imam na fi so. Tambayi kanka, mene ne abu guda da in aka cire shi labarin zai rushe? A ce labarinka na wata mata ce da mijinta ya tafi ci-rani Libiya ya bar ta da 'ya'ya da tsohon keken ɗinki, danginsa kuma suna so su sayar da keken. Ba sai ka sa masa "Ƙaddarar Rayuwa" ba, wannan suna ne da zai hau kan kowane littafi a kasuwa. Keken nan shi ne sunanka. Ana iya ganin sa, ana iya jin ƙararsa da dare, mai karatu kuma zai so ya san me ya sa ake rigima a kan ƙarfe.

Karin magana tana da daɗi, tana kuma da tarko. Daɗinta shi ne Bahaushe ya riga ya san ta, in ka ba shi rabi shi zai ƙarasa da kansa. Duk wanda ya ji Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, bakinsa zai ce "ubangidansa yakan bi" tun bai buɗe shafin farko ba. Tarkon kuwa, tana iya tona ƙarshen labari tun daga bango, kuma shahararrun duk an riga ka. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare yana nan tun 1982, in ka sake ɗauka kai za a ce ka kwaikwaya. Nemi wadda ba a cika ji ba, irin wadda tsofaffin gidanku ke jefawa. Akwai kuma tambaya, kamar Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba ɗin dai, amma sai ka tabbata littafin ya amsa ta.

In duk waɗannan sun ƙi, koma cikin rubutunka da jan biro. Karanta maganganun taurarinka, musamman inda rai ya ɓaci. Sau da yawa wata uwar miji ko wani ɗan dako ya riga ya faɗi sunan littafin a shafi na arba'in, kai ne ba ka lura ba.

Da ka samu uku ko huɗu, gwada su da baki. Yanzu littattafanmu da yawa da kunne ake shan su, a rediyo da YouTube, kuma wani ne zai gaya wa wani sunan a kan hanya. Faɗa wa ƙanwarka da safe, ka tambaye ta da yamma wanne ta tuna. Sannan ka bincika a Google da Facebook da Wattpad, da haruffa masu lanƙwasa da kuma babu su, don yawancin mutane ba sa sa lanƙwasa a waya. Kalma biyu zuwa huɗu sun isa, bangon da za a gani a fuskar waya ba shi da fili. Sunan Turanci a kan labarin Hausa zalla, ni dai ban ga ribarsa ba. Sunan da ke yi wa mutane alkawarin batsa kuwa zai tara maka jama'a da wuri, amma ba waɗanda za ka so su riƙa kiranka marubucinsu ba, balle in a Kano za ka buga, inda hukumar tace fina-finai da ɗab'i ke sa ido a kan littattafai.

To, sai batun cijewar alƙalami. Da farko ka bambance gajiya da cijewa. Wanda ya wuni a shago, ko wadda ta wuni tsakanin kicin da raino, in ya zauna ƙarfe sha ɗaya na dare kai ya ƙi aiki, barci yake buƙata. Canza lokaci. Ni bayan sallar asuba nake rubutu, kafin gida ya tashi, data a kashe.

Akwai kuma cijewar da masu sakin labari shafi-shafi a intanet ke jawo wa kansu. An rubuta shafi uku an fara saki, masu karatu sun taso da sharhi. Wannan ta ce a saki kishiyar, wancan ya ce kada a kashe yaron, wata ta yi rantsuwa in ba a haɗa su aure ba ta daina bi. Kafin ka ankara mutum ɗari ke riƙe da alƙalaminka, dole ya tsaya. Kada ka fara saki sai ka rubuta aƙalla rabin labarin kuma ka san ƙarshensa. In ka riga ka fara, sanar da hutu, ka daina leƙa sharhi har sai ka yi nisa. Za su yi mita, kuma za su dawo.

Cijewa ta gaskiya ita ce ka huta, ka sami lokaci, amma labarin ya ƙi motsi. Kusan kullum ɓarakar ba a inda ka tsaya take ba, tana baya. Koma babi biyu ko uku, ka nemo wurin da ka tilasta wa wani ya yi abin da ba halinsa ba ne don kawai labari ya tafi inda kake so. Macen da ka gina a kan haƙuri da kawaici, kwatsam ta mari surukarta ba tare da an ga abin da ya kai ta bango ba. Daga nan komai ya karkace. Yanke daga wurin, ka adana abin da ka yanke a wani fayil don zuciyarka ta kwanta, ka sake tambaya: me take so yanzu, wa ya tare mata hanya?

Wata dabarar da ke mini aiki ita ce bayar da labarin da baki. Mu da muka tashi da "ga ta nan, ga ta nanku", harshenmu ya fi hannunmu sanin hanya. Zaunar da wani ka ba shi, ko ka naɗi muryarka a waya. Inda ya ce "sai aka yi yaya?" ka ji kana amsawa ba tare da tunani ba, abin da za ka rubuta ke nan. Inda ya fara duba wayarsa kuwa, wurin ne za ka rage.

Wani lokaci rashin sani ne kawai. Ka kai tauraronka gaban alƙali alhali ba ka taɓa shiga kotu ba, ko ka kwantar da shi a asibiti ba ka san yadda dare ke wucewa a ɗakin marasa lafiya ba. Je kotun shari'a ka zauna a benci ka saurari yadda ake rabon gado, ko ka yi hira da ma'aikaciyar jinya. In zuwan ba zai yiwu yau ba, rubuta "nan kotu" da manyan baƙi, ka tsallake zuwa wurin da ka sani. Ba wanda ya ce sai an rubuta littafi a jere.

Ernest Hemingway na Amurka ya ce yakan tashi daga aiki ne a daidai inda ya san abin da zai biyo baya. Na gwada, tana yi. Tsaya a tsakiyar zance, gobe ba farin shafi za ka tarar ba. In kuma dogon labarin ya ishe ka, ajiye shi ka rubuta gajere. Ga mata akwai gasar Hikayata da BBC Hausa ke shiryawa tun 2016, kuma ranar rufe karɓa tana tayar da alƙalamin da lallashi ya kasa.

Bayan ka warware ka kai ƙarshe, sake duba sunan, don wataƙila labarin ya sauya hannu, ya bar matar tela ya koma kan 'yarta. Canza shi kafin ka biya mai zanen bango. In kuwa ka riga ka sake shi a intanet jama'a sun saba da tsohon, bar shi yadda yake, ka ƙara sabon a ƙasansa da ƙananan baƙi.