Shawara ga waɗanda ruwa ya rushe wa gida

Salamu alaikum 'yan uwa na Damagaram. Tun damanar 2024 da ruwa ya kayar da tsohon masallacin Birni mun ga yadda gidajen laka ke zubewa, kuma da yawa sun rasa tallafi don kawai sunansu bai shiga lissafi ba.

Don Allah in katanga ko ɗaki ya faɗi, kafin ku kwashe ƙasar ku ɗauki hoto da waya, har buhun hatsin da ya jiƙe da dabbar da ta mutu, sannan ku je wajen mai unguwa tun ranar ya rubuta sunan mai gida da yawan iyali, galibi da wannan takarda ma'aikatan magajin gari da su Croix-Rouge ke aiki in an zo rabo. Ku ba da lambar wayar da ke aiki. Katin shaida da takardun haihuwar yara a ƙulle su cikin leda, a rataye sama.

Tallafi kyauta ne, wanda ya kira ya ce ku turo jika biyu a sa sunanku ɓarawo ne. Kuma a taimaka wa tsofaffi da zawarawa, su ne aka fi mantawa wallahi.