Idan allurar zafin inji tana hawa da sauka

Kafin ka taɓa lagireto, lura da yadda allurar ke motsi. In tsalle take yi farat ɗaya, daga tsakiya zuwa ja cikin daƙiƙa guda, matsalar wuta ce, don ruwa ba ya yin zafi da wannan saurin. Duba wayar sensa, wato na'urar da ke auna zafin ruwa a jikin inji, sau da yawa bakinta ne ya yi tsatsa ko ya saki. Duba wayar at ma, wato wadda ke haɗe da ƙarfen jikin mota. A tsofaffin motoci masu sensa mai waya ɗaya, murɗa makulli, zare wayar: allura ta kwanta ƙasa. Ɗan taɓa wayar a ƙarfen inji: allura ta haura sama. In ta yi haka, gejin lafiya lau yake, sensar za a canza.

In kuwa a hankali take hawa ta sauko, zafin na gaske ne. Bari inji ya huce sarai kafin ka buɗe murfin lagireto, ruwan na ƙona fuska. Ƙarancin ruwa ko iskar da ta maƙale a ciki su ne kan gaba. Sai tamostat mai cijewa, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya yi zafi: jefa shi a tukunyar ruwa bisa wuta, ya kamata ya buɗe daidai lambar da ke jikinsa, galibi digiri 82 zuwa 88. Masu cire shi su yar ba gyara suka yi ba.

Zafi a cunkoso, sanyi a kan hanya: fanka ce. Kumfa na ta ɓulɓulowa a bakin lagireto, ruwa na raguwa ba yoyo: zargi gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa.