Yadda Za Ka Jagoranci Muhawara Kan Tushen Kyakkyawan Aiki da Sanin Kai

A zaman da ɗalibanmu na Jami'ar Musulunci ta Madina suke yi bayan sallar isha'i, akan tayar da wata tambaya mai nauyi: shin walwalar masu rai ita ce take mayar da aiki kyakkyawa, ko kuwa kyau da muni suna da wani tushe daban? Sau da yawa akan tashi ba a fahimci juna ba, domin kowa yana amsa tambayar da ba ita abokinsa ya yi ba. Idan kai aka ɗora wa jagorancin irin wannan zama, ga hanyar da nake ganin ta fi kai mutane ga fa'ida.

Ka fara da raba tambayar gida uku tun kafin kowa ya kawo hujja: mene ne yake sa aiki ya yi kyau, ta yaya muke gane kyawunsa, kuma wa ya wajabta mana shi. Malamanmu sun daɗe da wannan rabo. Mu'utazilawa sun ce hankali yana gane kyau da muni da kansa, mabiya Abul Hasan al-Ash'ari, wanda ya rasu a shekara ta 324 bayan Hijira, suka ce shari'a ce take tabbatar da su, Ibn Taimiyya kuma ya tsaya a tsakiya: hankali yana gane munin zalunci, amma babu azaba sai bayan zuwan manzo, kamar yadda aya ta 15 ta suratul Isra'i ta nuna. Wanda ya san wannan ba zai yi saurin jefa ɗan'uwansa da kalmar ɓata ba.

Daga nan ka nemi mai kare walwala ya fayyace abin da yake nufi. Jeremy Bentham, masanin falsafa na Ingila, a 1789, ya ɗora komai a kan daɗi da ciwo. Imam al-Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya bayyana maslaha da kiyaye manufar shari'a a abubuwa 5: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Waɗannan matsayi biyu ne masu nisa da juna, kuma wajibi ne mai magana ya zaɓi ɗaya ya tsaya a kansa.

A nan ne ya kamata ka daɗe, kuma ka kawo misalin da kowa ya san irinsa a ƙasar nan. A ce wani dattijo ya zo aikin hajji, ya damƙa wa wani kuɗin hadaya, mutumin ya cinye kuɗin bai yanka komai ba, dattijon ya koma gida cikin farin ciki, har ya bar duniya bai sani ba. Babu ciwon da ya ji, babu daɗin da ya ragu masa. Ka tambayi zaman: an cuce shi ko ba a cuce shi ba? Idan mai kare walwala ya ce talakawan da za su ci naman ne aka cuta, sai ka ce masa a ɗauka wani ya ciyar da su a ranar. In har ya yarda cewa cin amanar yana nan, to ya yarda cewa ana iya cutar da mutum a abin da bai ji ba. Robert Nozick, masanin falsafa na Amurka, ya yi irin wannan gwaji na tunani a 1974, inda ya kwatanta na'urar da za ta cika wa mutum kai da daɗin ƙarya har ƙarshen ransa, ya tambaya ko za mu yarda a haɗa mu da ita. A ganina wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a kan matsayin Bentham.

Amma ka yi wa ɗaya ɓangaren adalci. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare, suna nuna cewa wahalar mai rai tana da nauyi na gaske a ma'aunin aiki.

Wannan shi zai kai ku ga batun sanin kai, wato yadda mai rai yake ji kuma yake sanin cewa akwai shi, domin duk wanda ya ɗora ɗabi'a a kan walwala sai ya faɗi wane ne yake ji. Likitoci suna iya gusar da ji da allurar barci a ɗakin tiyata, abin da ke nuna alaƙarsa da ƙwaƙwalwa. Sai dai masanin falsafa Thomas Nagel ya nuna a 1974 cewa ko mun san komai game da jikin jemage, ba mu san yadda rayuwa take a wajensa ba, takwaransa David Chalmers kuma ya kira wannan giɓi matsala mai wuya a 1995. Tun kafin su, Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037 Miladiyya, ya kwatanta mutumin da aka halitta yana shawagi a iska, ba ya gani, ba ya taɓa komai, ya ce duk da haka zai san cewa akwai shi.

Kada ka bari a rufe wannan babi da gaggawa. Wani zai ce hoton ƙwaƙwalwa ya gama magana, wani kuma zai karanto aya ta 85 ta suratul Isra'i a kan ruhi ya nemi a yi shiru. Ka tuna wa na farko cewa hoton yana nuna inda aiki yake gudana ne, bai bayyana dalilin da ya sa ake jin sa ba. Na biyun kuma ka nuna masa cewa wanda aka yi wa allurar barci yana da rai amma ba ya ji, saboda haka akwai abin da za a bincika ba tare da an kutsa cikin gaibu ba. Sannan ka tambayi duka biyun dalilin da ya sa muke girmama gawar da ake kaiwa Baƙi'a, maƙabartar Madina, alhali ba ta jin daɗin duniya ko ciwonta.

Game da tsarin zaman, doka ɗaya ta isa: kada kowa ya yi raddi sai ya maimaita hujjar abokinsa har abokin ya ce, "Haka nake nufi, Malam." Kafin a tashi, ka sa a rubuta ainihin inda aka saɓa, a cikin tambayoyin nan uku, domin zama na gaba ya fara daga nan.