Yadda Ake Shirya Jama'a Don Tare Mulkin Kama-karya Tun Bai Yi Jijiya Ba

Mulkin kama-karya ba kullum yake zuwa da tankokin yaƙi ba. Sau da yawa ta ƙofar doka yake shigowa, sannan ya riƙa karya kotuna da 'yan jarida da ƙungiyoyin ma'aikata ɗaya bayan ɗaya. A Jamus an naɗa Hitler shugaban gwamnati a ƙarshen Janairun 1933, kuma ranar 2 ga Mayu 'yan Nazi suka mamaye ofisoshin ƙungiyoyin ƙwadago suka rushe su. Wata uku kacal ke tsakani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka shiri ba ya jiran ranar da aka hana taro.

Ku fara da mutum biyar zuwa goma waɗanda kuka san juna ido da ido, ku tsayar da ranar haɗuwa, ku kuma riƙe ta ko da mutum uku ne suka zo. Abin da zai haɗa ku ya zama damuwa ta zahiri wadda kowa ke gani: wanda aka tsare ba tare da an kai shi kotu ba, ma'aikacin da aka kora don ya ƙi bin umarnin da ya saɓa wa doka, ko wasu tsiraru da aka fara ɗora wa laifin duk wata matsalar ƙasa. Wannan na ƙarshe yana cikin alamomin farko na fasistanci, wato kama-karya irin na Hitler, kuma a ganina ƙungiyar da ta yi shiru a kansa ta riga ta sarayar da rabin ƙarfinta.

Bayan haka, ku zauna ku lissafa waɗanda gwamnati ba ta iya motsi sai da su, wato direbobi da malamai da alƙalai da ma'aikatan tashar jiragen ruwa da ƙananan jami'an tsaro. Azzalumi ba ya mulki da hannunsa biyu kawai, da haɗin kan waɗannan mutane yake yi, kuma aikinku shi ne ku ja ra'ayinsu da haƙuri, ba ku zage su ba. A Poland yajin aikin ma'aikatan ƙera jiragen ruwa na Gdansk a Agustan 1980 ne ya haifi ƙungiyar ƙwadago ta Solidarnosc, wadda ta tara mambobi kusan miliyan 10. An kafa dokar soja a Disamban 1981, aka kama shugabanninta, amma ƙananan rassanta suka ci gaba a ɓoye har ta lashe zaɓen 1989. Dalili ke nan da bai kamata komai ya rataya a wuyan mutum ɗaya ba. Kowane aiki ya kasance akwai mutum biyu da suka iya shi.

Ku guji tashin hankali, domin shi ne hujjar da ake jira a murƙushe ku, yana kuma korar tsofaffi da mata da masu iyali, waɗanda yawansu ne garkuwarku.

Haɗa kai da waɗanda ba ku jituwa da su yana da ɗaci, amma babu makawa. A Chile jam'iyyun da suka daɗe suna gaba da juna sun haɗu a 1988 suka ce "A'a" ga ƙarin wa'adin shugaban mulkin soja Pinochet a ƙuri'ar raba-gardama, suka tura wakilai rumfunan zaɓe suka yi nasu ƙidayar, abin da ya sa murɗe sakamakon ya yi wuya. A Gambiya ma ɗan takara ɗaya mafi yawan jam'iyyun adawa suka tsayar a 2016, Adama Barrow, ya kuma kayar da shugaban ƙasar na lokacin, Yahya Jammeh.

Kafin kowane gangami, ku tanadi lauya, kowa ya haddace lambarsa, ku yi magana ta manhaja mai ɓoye saƙo kamar Signal, kada kuma ku ajiye sunayen mambobi duka a waya ɗaya. Ku buɗe ƙaramin asusu don iyalan duk wanda aka tsare, ku kuma sanya wanda zai riƙa ziyartarsu.